Shekarar da Aka Kife Turmi

Abin da na fara lura da shi da mai kabu-kabu ya sauke ni a ƙofar gidanmu shi ne ba a daka. La'asar ce sakaliya, lokacin da a ƙauyenmu ko kurma ya san ana shirin tuwon dare, domin ƙasa kanta takan amsa luguden mata a tafin ƙafar mutum. A da tun daga bakin rafi nakan jiyo taɓaren gidanmu, har ina iya rarrabe hannun Inna da na matar Baffa. Na Inna a hankali yake sauka, kamar na mai tunanin wani abu, na matar Baffa kuwa da tafi a tsakani. Ran nan ban ji komai ba sai kukan kurciya. Na shiga zaure da jakata, na ga an rataye reshen dogon yaro a saman ƙofa, ganyen har ya yi yaushi. A tsakar gida babban turminmu yana kife, an kwantar da taɓare a gefensa, wata kaza ta hau kansa tana gyangyaɗi.

Yaran yanzu ba za su gane abin da irin wannan shirun yake nufi ba. Sun tashi sun tarar da injin niƙa a kowace unguwa, gari kuma a leda ake sayensa. Ni kaina da nake zaune a Zuru sai in yi wata ban ji daka ba, ba na ma lura. Ƙauyen da nake magana a kansa babu shi yadda na san shi. Rashin zaman lafiya ya kwashe mutanensa, wasu suna nan cikin gari a ɗakunan haya, wasu sun yi wajen Mahuta, an ce ciyawa ta rufe hanyar rafi. Kwanan baya na raka ƙanwata asibiti da jaririnta. Aka buɗe firij mai aiki da hasken rana, aka ɗauko kwalba, kafin yaron ya gama buɗe bakin kuka an gama. Ita tana ta latsa waya abinta. Ni kuwa na tsaya ina kallon 'yar kwalbar nan har ma'aikaciyar ta tambaye ni ko lafiya. Ƙanwar tawa ba a haife ta ba lokacin da aka kife turmi, ba ta san abin da nake kallo ba.

Ni ce 'yar fari, shi ya sa tun ina ƙarama Goggo, ƙanwar Baba, ta ɗauke ni riƙo a unguwar Rikoto cikin Zuru, inda mijinta soja ya bar ta da yara. A can na shiga makaranta, sai an yi hutu nake zuwa gida. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. "Ke" take ce mini, ko ta yi gyaran murya in juyo. Ni ma na gaji nauyin bakin nan nata. A aji in malam ya nuna ni, ko na san amsa sai harshena ya ƙi tashi. Abin da na iya shi ne kallo. Na san wace kaza ke satar ƙwai a bayan rumbu, na san ranar da Goggo ta sami wasiƙar mijinta tun kafin ta faɗa, daga yadda take ɗaura ɗankwali.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta fara ganina. Tana zaune a bakin ɗakinta da mafici. Na durƙusa zan gaishe ta, ta ɗaga hannu.

"Sannu-sannu da muryarki, ɗiyar boko. Muna da baƙo."

"Wa ya zo, Kaka?"

"Ji ta. Sun koya maki ƙidaya, ba su koya maki kama baki ba. Wanda ba a kiran sunansa. Ke ya riga ya gaishe ki tun kina goye, shigo abinki."

A makaranta ƙyanda muke cewa, har da hoton yaro mai ƙuraje a bangon aji. A gida kuwa ba mai furta wannan kalmar. Baƙon dauro ne, ko baƙo kawai, kuma yana da dokokinsa kamar kowane babban baƙo. Ba ya son ƙara, don haka ake kife turmi, mata su koma niƙa a kan dutse. Ba ya son ƙaurin mai, don haka ba a suya. Ba a yi wa yaro wanka, ba a fitar da shi rana, ba a faɗa a gidan ko da an ɓata wa mutum rai. Kaka ta haifi tara, baƙo ya tafi mata da uku, saboda haka a unguwarmu ba wanda ya kai ta sanin halinsa. Takan ce, "Baƙo raɓa ne. In kun yi masa ladabi, hantsi na yi ya tahi."

A ɗakin Kaka na tarar da ɗan Baffa kwance a kan ganyen dogon yaro, jikinsa ya yi ja da ƙananan ƙuraje kamar an watsa masa gero, idanunsa sun manne da kwantsa. Sai ga Auta, ƙanena, ya fito daga bayan gado yana tangaɗi, ya rungume ƙafata ya ce "Aya", don bakinsa bai iya Yaya ba. Tsakanina da shi Inna ta yi biyu ba su zauna ba. Bai daɗe da yaye ba, kuma a wurinmu yaron da aka yaye ɗakin kakarsa ake kai shi har ya manta nono. Auta yana da wani tsohon cokali da tasa da yake bugawa tun safe har dare, duk gidan an san shi da su. Ran nan na ga tasar a kife, cokalin kuma Kaka ta soke shi a jinka inda hannunsa ba ya kaiwa. Yakan tsaya a ƙasa ya nuna shi da yatsa, ya dube ni.

Na ce, "Kaka, a nan yake kwana?"

"A ina zai kwana? Baƙo ba ya son a ɓoye masa yaro. In anka ɓoye, ya dawo da hushi. Gara ya gaishe su gaba ɗaya mu huta."

Auta ba a yi masa allurar ƙyanda ba, ba kuma don Inna ta ƙi ba. A gefen kasuwarmu akwai asibitin sha-ka-tafi, ɗaki ɗaya da rufin kwano mai tsatsa, jemagu sun cika silin har ba a iya zama ciki don wari. Saboda haka matar da ke zuwa yin allura a gindin ɗorawa take ajiye bencinta. Sista muke ce mata. Gajeriya ce kakkaura, Kirista 'yar Zuru, C'lela ne harshen gidansu, a Hausarta takan ce wa mace "ya" maimakon "ta", sai ta gyara da kanta tana dariya. Mijinta soja ne, ya tafi wani aiki mai nisa bai dawo ba. Duk ranar kasuwa ɗanta yakan kawo ta a babur, ta rungume akwatin sanyi a cinya, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu. Ƙanƙarar cikin akwatin a shagon wani Ibo mai janareta take daskarar da ita, don wutar gari ba abin dogaro ba ce. In ta tashi aiki takan ba yara robobin ƙanƙarar su manna a kumatu, su yi ta ihu suna karɓa-karɓa. Wasunmu a nan muka fara sanin akwai abin da ya fi ruwan randa sanyi.

Allurar ƙyanda tana da wata ƙa'ida da ta bambanta ta da sauran. Kwalba ɗaya ta yara goma ce, kuma in aka buɗe ta, kafin rana ta faɗi ta mutu, abin da ya rage zubarwa ake yi. Kwalaben ƙidayayyu ake ba Sista, na ƙauyuka da yawa. Ranar da Inna ta fara kai Auta yana wata tara ina hutu, ni na riƙe mata lema. Mata uku ne kawai suka zo. Muka zauna har inuwar ɗorawa ta koma gabas. Na ga Sista ta ɗauko kwalbar, ta jujjuya ta a hannu, ta mayar.

"Mama, ku uku ne. In na buɗe, sauran na yaran wani gari ne zan zubar a ƙasa. Ku dawo kasuwa mai zuwa, ku jawo 'yan'uwanku."

Inna ta koma kasuwa mai zuwa, ta tarar janaretan Ibo ya lalace, ba ƙanƙara, Sista ba ta zo da allura ba. Daga nan damina ta sauka, rafi ya cika, babur ba ya ƙetarewa. Aka shiga noma, aka shiga girbi, Auta ya yi rarrafe, ya miƙe, ya yi ƙiba, maganar ta bi ruwa. Ba wanda ya hana, ba wanda ya ƙi. Haka kawai kwanaki suka yi ta wucewa.

Washegarin zuwana na sami Inna a bayan madafa tana niƙa dawa a kan dutse. Na durƙusa ina tara mata garin. Baba ya tafi cin rani tun bayan girbi, gidan a hannun mahaifiyarsa yake, kuma suruka ba ta musu da uwar miji. Inna ta yi ta niƙa, can ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ke. Jibi kasuwa. Ni ba ni da damar shiga gidajen mutane daga gidan baƙo. Ki zaga, duk mai yaron da ba a yi wa ba, ta kawo shi gindin ɗorawa. Sai sun cika take buɗewa."

Ban taɓa jin aike mai nauyin wannan ba. Da ta ce in ɗebo ruwa tulu ashirin da ya fi mini sauƙi. Na haɗa maganar a raina, ina tafe ina maimaita ta kamar hadda: wai in ji Inna, jibi a kawo yara gindin ɗorawa. Zafin bazara ya sa ƙasa tana cin ƙafa ta cikin silifas. A gida na farko na yi sallama har sau uku ba a ji ni ba, sai da akuya ta yi kuka aka leƙo. A wani gidan aka ce in tsaya daga waje tunda daga gidan baƙo nake. A wani kuma maigidan ya amsa daga zaure, bai ko ɗago daga igiyar da yake tufkawa ba: "Ki gaida uwarki. Ba a fitar mini da yaro ana wannan iska." Wata amarya mai ɗan fari ta saurare ni har ƙarshe, ta ce uwar mijinta ta tafi biki, ita kuwa ina ita ina ɗaukar ɗan fari ta ratsa kasuwa da shi.

Matar maƙeri ce ta sa na ji dama-dama. Ta ajiye tankaɗe ta riƙe haɓa.

"Yau bebiyar Zuru ta yi magana. Sake faɗa in ji daɗi."

Na sake faɗa, kaina a ƙasa.

"To allurar ma adashe ce, sai an cika hannu goma ake kwasa? Masu ɗigon shan inna kullum suna bakin ƙofa, har akuyata ta san su. Wanda ke ɗaukar mana yara kuwa sai mun bi gari muna roƙon juna." Ta ɗauki tankaɗenta. "Zan zo, don uwarki. Zan jawo ƙanwata ma, in mijinta ya tafi kasuwar shanu. Ke kuma ki riƙa cin tuwo, wuyanki kamar na zalɓe."

Ranar kasuwa da safe na goya Auta, Inna ta ɗauki kwando. Kaka tana bakin ɗakinta.

"Ina za a da shi?"

Inna ta durƙusa, idonta a ƙasa. "Kasuwa za mu, Iya. Kanwa ta ƙare."

"Kanwa." Kaka ta daɗe tana kallonmu. Ta san komai, ƙauye ba ya ɓoye yarinyar da ta shiga gida-gida. "Kawo shi nan." Na juya mata baya, ta tofa addu'a a kansa, ta gyara masa hula. "Ku dai tuna, ba a nuna wa baƙo ƙarfe."

A gindin ɗorawa muka tarar da matar maƙeri da ƙanwarta, wasu mata kaɗan suka biyo baya. Ba mu cika ba. Muka zauna muna kallon hanya, duk macen da ta ɓullo da goyo sai mu bi ta da ido har ta shige layin masu daddawa. Sista ta tashi da kanta ta je ta yi magana da wata Bafulatana mai tallan nono, ta dawo da ita tana jan ta da wasa, aka ƙaru da ɗaya. Rana ta take. Sista takan ɗan girgiza akwatin ta kasa kunne, ni ma ina jin abin da take ji: da safe ƙwal-ƙwal yake yi, yanzu ya fara ƙarar ruwa. Sai ta dubi Inna sosai.

"Ba ke ce kika zo bara ba?"

"Ni ce."

"Wannan ne yaron?" Ta sa bayan hannunta a wuyan Auta. "Akwai mai ƙyanda a gidanku?"

Da ta ambaci sunan a fili, matan suka gyara zama, ɗaya ta ce a'uzubillahi. Inna ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Ɗaki ɗaya suke kwana?"

Inna ta shiga murza bakin mayafi. Ba za ta kai ƙarar uwar mijinta a tsakiyar kasuwa ba. Sista ta share wuya da tawul, ta rage murya.

"Mama, ki ji ni da kyau. In ya riga ya shiga jikinsa, allurar nan ta makara, ba za ta fitar da shi ba, ba kuma za ta ƙara masa komai ba. In bai shiga ba, ta tare ƙofa. In kin ga zazzaɓi, ki yi ta ba shi ruwa da kunu, ki wanke masa ido. In numfashinsa ya fara sauri, kada ki jira kowa, ki kawo shi Zuru."

"A yi masa," in ji Inna.

Sista ta ƙirga mu da ido, ta dubi rana, ta ce, "Su yi mini faɗa a can Zuru." Ta buɗe akwatin. Kwalbar ba ta kai babban yatsana ba, ruwan ƙasa ce, da ɗan farin gari a gindinta. Ta fasa wata ƙaramar kwalbar ruwa, ƙas, ta zuƙe ta zuba a ciki, garin ya narke. Na yi mamakin a ce abin da muka yi shekara muna bi ke nan. Auta ya yi kuka kaɗan, ta manna masa robar ƙanƙara a kumatu, ya yi shiru yana zare ido, sannan ya ƙyalƙyale da dariya. Muka sayi kanwa muka koma gida.

Bai yi kwana uku ba jikinsa ya yi zafi. Hanci ya fara zuba, idanu suka yi ja, ya ƙi kunu. Ƙurajen suka fara daga bayan kunne, suka sauko fuska da ƙirji. Kaka ta ce alhamdu lillahi, baƙo ya fito fili, abin tsoro shi ne ya ƙi fitowa. Ta shimfiɗa sabon ganye, ta zauna a kansa da mafici, ba ta tashi sai salla. Duk wanda zai ce Kaka ba ta son yaron nan bai ga bayanta ba a kwanakin nan, yadda ya ƙara lanƙwashewa. Inna takan shigo da ruwa a moɗa, ta jiƙa bakin zanenta ta goge masa ido in Kaka ta juya. Na tabbata Kaka tana gani, ba ta dai hana ba. Ni aikina korar ƙuda. Daga nan na lura ƙurajen sun yi duhu, kuma in ya ja numfashi fatar da ke ƙarƙashin haƙarƙarinsa tana shigewa ciki, hancinsa yana buɗewa yana rufewa kamar na ɗan tsako.

Inna ta durƙusa a bakin ƙofa ta ce, "Iya, matar nan ta ce in numfashi ya yi sauri a kai shi Zuru."

"A hito da mai baƙo cikin wagga rana, a kan babur? Ki bari ya juya. Ɗan'uwansa ma haka ya yi, ga shi yana shan kunu."

Baffa ya ce shi ba ya tsallake maganar tsohuwa, ga kuma mai ɗan ba ya nan. Aka kwana a haka. Da gari ya waye Auta ba ya ko iya kuka, sai wani ɗan sauti kamar ana jan zare a ƙwarya. Kaka ta sa kunnenta a ƙirjinsa ta daɗe. Da ta ɗago, ita da kanta ta ƙwala wa Baffa kira, da muryar da ba a ɗaga irinta a gidan ba tun da aka kife turmi: "Nemo babur. Ku tahi da shi."

Ba ranar kasuwa ba ce, masu kabu-kabu duk sun fita, sai da Baffa ya taka zuwa bakin titi. Muna jira, Auta ya buɗe ido yana kallon sama. Kaka ta bi inda yake kallo. Ta miƙe a kan ƙafafunta masu ciwo, ta zaro cokalin daga jinka, ta jawo tasar ta ajiye kusa da shi, ta sa masa cokalin a hannu ta naɗe yatsunsa a kai.

"Buga abinka, maigidana. Buga, ba mai hana ka."

Bai buga ba. Da hantsi muka ji ƙarar babur a ƙofar gida, amma Kaka ta riga ta ja zane ta rufe shi. Inna ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta zaga bayan rumbu, ta daɗe, ta dawo ta ɗora ruwan wanka.

Ranar sadakar uku aka tayar da turmin. Matar Baffa ta kakkaɓe kashin kaji, ta wanke shi, aka zuba gero za a daka gumbar sadaka. Ƙarar da na yi ta marmari tun ranar da na iso, ran nan na ji ta. Har yau in na ji daka daga nesa, ƙamshin jiƙaƙƙen gero nake ji, da muryoyin mata masu gaisuwa.

A bakin masu gaisuwar nan maganar ta tashi. Wai an nuna wa baƙo ƙarfe, ya yi fushi ya koma ciki. Wai ɗan Baffa da ba a yi wa ba ai ga shi ya tashi, ko da yake da fari a ido ɗaya. Kafin sadakar bakwai duk ƙauyen ya ɗauka. Baƙo ya bi gidaje a bazarar nan, ya tafi da wasu yaran, ya tsallake ɗan matar maƙeri da na ƙanwarta da sauran da aka yi wa tare da Auta, amma wannan ba wanda ya lissafa. Matar maƙeri ma ta kama bakinta, don mijinta ya ce saura kaɗan ta jawo masa. Kaka ba ta taɓa cewa allura ce ba. Wata rana ina tsefe mata kai ta ce, ba tare da na tambaye ta ba, "Na binne uku ba a yi masu allura ba. Wanga na huɗu." Sai dai ba ta faɗi haka a gaban mutane ba, Inna ma ba ta faɗa ba, ni kuwa wa zai tambaye ni.

Yanzu da na girma na san baƙon ya riga mu tun a tabarmar Kaka, tun kafin in sauka daga kabu-kabu. Na san kuma ba a ranar kasuwar nan aka makara ba, tun bara ne, ranar da mata uku suka zauna har inuwa ta juya. Kaka ta rasu, ɗorawar an sare ta an yi gawayi, sha-ka-tafi ya rushe tun kafin mutane su watse. Matan da nake gani a layin asibiti yanzu ƙyanda suke cewa kai tsaye, ba mai gyara zama. Wani lokaci ina jin daɗin haka. Wani lokaci kuma sai in tuna ba sauran wanda ya san Auta a duniya sai ni da Inna, ita kuma ba ta ambatonsa.

Ranar da zan koma makaranta ta faɗo ranar kasuwa. Na je bakin hanya jiran mota, kusa da ɗorawa. Sista tana zaune a bencinta, akwatin a gabanta da jiƙaƙƙen buhunsa, ɗanta yana barci a kan babur. Ba mace ko ɗaya a wurin. Yaran da kan yi layin ƙanƙara ma an hana su, suna leƙe daga bayan rumfar mai gishiri. Ta gan ni ta yafito ni.

"'Yar makaranta. Ya haƙuri? Na je gidanku gaisuwa, a zaure aka tsayar da ni."

Na durƙusa na ce, "Da godiya."

"Na faɗa musu a Zuru su nemo wani ya riƙa zuwa. Garin nan sun gama da ni, ba mai sake kawo mini yaro." Ta dubi akwatin. "Ranar farko da uwarki ya kawo shi, ta kawo shi, kwalbar tana hannuna. Kin gani ai. Kina riƙe da lema."

Wannan karon ba ta yi dariyar gyaran Hausarta ba. Ban san ta lura da ni a ranar ba.

Akwai abin da na sani wanda ba a faɗa mini ba. Na ga Inna tana tsotsar tsamiya a ɓoye, na ga tana kawar da kai in an buɗe daddawa, na ga ta ɗaga ɗaurin zanenta sama da inda ta saba. Na gane dalilin da ya sa aka yi saurin yaye Auta aka kai shi ɗakin Kaka. A wurinmu 'ya ba ta faɗin irin wannan game da uwarta, ko a ɗaki, balle a kasuwa. Motar Zuru ta tsaya, yaron mota yana buga ƙofa yana kiran saura mutum ɗaya. Harshena ya yi nauyin nan nasa na aji. Na kama bakin bencin da hannu biyu.

"Sista, Inna tana da ciki."

Ta ɗago ta dube ni.

"Don Allah kada ki bar zuwa. In an haihu, in ya kai wata tara, ni zan goyo shi in kawo miki. Ko shi kaɗai ne a gindin bishiyar nan, ki buɗe masa."